Jagoran Ɗalibi a Jami'a: Sana'ar da Ke Jiran Ma'aikata Tsakanin Dodoru da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin tallafa wa ɗaliban jami'a da ba su shawarar karatu a matsayin sana'a mai horo da ƙa'idoji da matakan girma. An ɗauki tafiyar ɗan ƙauye daga Dodoru ta ƙaramar hukumar Gwandu zuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo a matsayin ma'auni. Maƙalar ta waiwayi yadda malaman Gwandu suka riƙa jagorantar almajiransu, ta bi tarihin aikin a Amurka da Nijeriya, ta nuna wuraren da ɗalibi ke tuntuɓe, ta fayyace ofisoshin da ke tallafa masa da hanyar samun aiki a cikinsu. Matsayarta ita ce jami'o'in Kebbi za su fi yaye ɗaliban da suka ɗauka idan suka ba jagorancin ɗalibi ma'aikata na musamman, maimakon a ɗora shi a kan malamin da kaya suka riga suka yi wa yawa.

1. Gabatarwa

Lokacin da aka yanke jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Yaron da ya gama sakandare a Gwandu ko Argungu ko Yawuri, in yana son digiri, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Zariya, ko Kano. Sai a 2006 gwamnatin jihar ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. A 2013 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tare da takwarorinta na Gusau da Gashuwa, aka kuma ba ta mazauni a Kalgo, kan hanyar Bunza. A 2020 aka ƙara da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, waɗanda suka daɗe suna yaye ɗalibai.

Ga ɗan Dodoru, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwandu, wannan canji babba ne. Jami'ar da da ake jin labarinta a bakin baƙi yanzu ta zo inda mutum zai iya zuwa da safe ya dawo gida kafin magariba. Iyaye da ba za su taɓa yarda 'yarsu ta tafi Zariya ba suna iya amincewa da Kalgo ko Aliero.

Sai dai samun gurbi wani abu ne, kammalawa kuma wani abu dabam. Ɗalibin da ya fito daga gidan da babu wanda ya taɓa shiga jami'a yana isa harabar makaranta ne ba tare da wanda zai tambaya ba. Mahaifinsa ya san lokacin shuka da lokacin saka taki, ya san farashin buhun shinkafa a kasuwa, amma bai san adadin kwasa-kwasan da ya kamata a yi wa rajista a zango guda ba, bai kuma san abin da ake yi in sakamako bai fito ba. Halin sabon ɗalibi kamar na dashen shinkafa ne a fadama: makonnin farko bayan an cire shi daga wurin reno su ke nuna ko zai kama. Tambayar da maƙalar nan ta sa a gaba ita ce: wane ne aka ɗauka aiki domin ya kula da waɗannan makonni, da shekarun da ke biye da su?

2. Abin da Gwandu ta gada

Jagorancin ɗalibi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin Gwandu, ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a hannun kowane. Ya fara da mahaifinsa, wanda ya koya masa Alƙur'ani. Yana ɗan shekara 13 ya koma hannun yayansa, Shehu Usmanu. Daga nan ya zauna gaban malamai da dama, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru da Malam Muhammadu ɗan Raji, wanda a wurinsa aka karanta Sahihul Buhari. Mai karanta littafin zai ga cewa malamin da ya rubuta tafsirin Diya'ut Tawili bai tsinci karatunsa a hanya ba. An ɗora shi a kan tsari, an kuma miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

Haka makarantun zaure suke har yau. Malam ne ke cewa almajiri ya gama Ahalari, ya shiga Ishmawi, daga nan Iziyya, sannan Risala. Shi ke ganewa in almajiri ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce masa ya koma baya ya maimaita. Shi ke sanin wanda bai ci abinci ba da wanda aka yi wa rasuwa. In almajiri ya kai inda malam ba zai iya ƙara masa ba a wani fanni, sai ya tura shi wurin wani malami da ya fi ƙwarewa, har ya haɗa shi da saƙo.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta faɗaɗa wannan tsari ga mata ta hanyar 'Yan Taru. Ta horar da jajoji, ta naɗa musu malfa, suka riƙa tattaro matan karkara suna koyar da su, suna kawo mata matsalolinsu, suna komawa da amsa. Jaji malama ce, kuma ita ce mahaɗa tsakanin matar ƙauye da cibiyar ilimi.

Jami'ar zamani ta raba waɗannan ayyuka. Malami yana shiga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ya koyar, ya fita. Wani ofishi na karɓar kuɗi, wani na raba ɗaki, wani na tattara maki. Babu laifi a rabon aiki, domin yawan ɗalibai ya wajabta shi. Amma ɓangaren da malamin zaure ke yi na sanin almajiri da sunansa da halinsa da matakin karatunsa shi ne ya fi saurin faɗuwa a tsakanin ofisoshi.

3. Yadda aikin ya zama sana'a

Amurka ce ta fara mayar da wannan ɓangare sana'a. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawarar zaɓen sana'a a birnin Boston, kuma littafinsa a kan batun ya fito a 1909 bayan rasuwarsa. A 1937 majalisar ilimi ta ƙasar ta fitar da wata takarda da ta ce jami'a na da alhakin ɗalibi gaba ɗayansa: karatunsa, lafiyarsa, zamantakewarsa da makomarsa. A 1972 Burns Crookston ya bambance mai ba da shawarar da ke sa hannu a takardar rajista kawai da wanda ke zama da ɗalibi har ɗalibin ya koyi yanke shawara da kansa. A 1975 Vincent Tinto ya yi bayanin cewa ɗalibi yakan bar jami'a ne in bai samu shiga cikin rayuwarta ba, ta fuskar karatu da ta mu'amala. A 1979 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu, NACADA, wadda daga baya ta kafa hedikwatarta a Jami'ar Jihar Kansas.

Misalin da ya fi jan hankali a shekarun baya-bayan nan shi ne na Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. A 2012 ta kafa tsarin kwamfuta mai bibiyar alamomi fiye da 800 da ke nuna ɗalibi ya fara kauce hanya, kamar yin rajistar kwas da ba na fanninsa ba, ko samun raunin maki a kwas ɗin da sauran karatunsa zai dogara da shi. Abin lura shi ne jami'ar ba ta tsaya a na'ura ba. Ta ɗauki ƙarin masu ba da shawara 42, domin in alama ta bayyana a samu mutumin da zai kira ɗalibin cikin 'yan kwanaki. Adadin masu kammalawa ya ƙaru, giɓin da ke tsakanin 'ya'yan talakawa da sauran ɗalibai kuma ya ragu ƙwarai.

A Nijeriya ana danganta farkon aikin da 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato masu sana'o'i daban-daban domin su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukan da ke gabansu. Daga nan aka samu majalisar ba da shawarar ayyuka ta Ibadan, wadda daga baya ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta Nijeriya, wadda aka sani da CASSON. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da jami'an jagoranci da ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a, wadda ke da alhakin yi musu rajista da tsare ƙa'idojin aikin.

Doka da manufa sun samu. Abin da ya rage shi ne ma'aikata, da kujerun da za su zauna a kai.

4. Inda ɗalibi ke tuntuɓe

Tuntuɓen farko yakan faru tun ɗalibi bai taka jami'a ba. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta ƙayyade darussan da mai neman kowane fanni zai zauna wa jarrabawa. Mai son likitanci zai ɗauki Ingilishi da Fizis da Kyamistare da Bayoloji. Mai son aikin lauya ba zai tsallake Adabin Ingilishi ba. Yaron da ya bar wa mai shagon intanet zaɓen darussa yana iya cin maki mai yawa ya rasa gurbi, domin haɗin da aka cika masa bai dace da fannin ba. Tun 2017 kuma ana ba da gurbi ne ta manhajar CAPS, inda dole ɗalibi ya shiga ya amsa tayin da kansa. Wanda bai san haka ba sai ya zauna a gida yana jiran takarda.

Na biyu shi ne rajista. A yawancin jami'o'in Nijeriya ɗalibi ba ya ɗaukar ƙasa da raka'a 15 ko sama da 24 a zango guda. Wasu kwasa-kwasan ba a shigarsu sai an ci na ƙasa da su. Wanda ya faɗi kwas, abin da ɗalibai ke kira kariyoba, dole ya fara saka shi kafin sababbi, kuma in kariyoba ta taru sai ta ture kwasa-kwasan ajinsa, ya wayi gari da ƙarin shekara. Digirin shekara huɗu ba a barin mutum ya wuce shekara shida a kansa. Ƙa'idojin suna nan a rubuce cikin littafin jagorar ɗalibi, da Ingilishin ofis, ana kuma karanto su a taron wayar da kan sababbin ɗalibai, wanda waɗanda suka makara wajen haɗa kuɗin rajista ba sa samu.

Na uku shi ne lissafin matsakaicin maki, wato CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. A ɗauki ɗalibin da ya gama shekarar farko da 1.80, saboda bai saba da lacca da Ingilishi ba ko kuma ya shigo a makare. In raka'o'in kowace shekara daidai suke, sai ya samu kusan 4.07 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Wannan lissafi na minti biyar ne a kan takarda, kuma ɗalibin da aka zaunar aka yi masa shi a farkon aji biyu yana da sauran dama. Wanda ya gano shi a aji uku, aikin gama ya gama.

Na huɗu kuɗi ne. An sake fasalin dokar rancen ɗalibai a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu na shekarar. Rancen ba shi da ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma neman sa na buƙatar lambar JAMB da lambar NIN da lambar BVN, sunayen da ke kansu su yi daidai, makaranta kuma ta riga ta ɗora bayanan ɗalibin. Akwai iyayen da ke gudun rancen saboda tsoron riba, alhali bayanin minti goma da Hausa zai kwantar musu da hankali.

Akwai kuma abubuwan da ba sa bayyana a takardar sakamako. Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Sun karkatar da jadawalin karatu, har jarrabawa kan faɗo a tsakiyar damina ko lokacin girbi, daidai sa'ad da gida ke buƙatar hannun saurayi a gona. Ɗaliba na iya yin aure ko ta haihu a tsakiyar zango. In ta rubuta takardar neman jingine karatu aka amince, gurbinta na nan. In ta ɓace kawai, sai a cika mata sifili a kowane kwas. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma harabar jami'a ba ta kuɓuta ba. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, ya tunatar da kowa cewa wasu matasan jihar suna isa jami'a ɗauke da firgicin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Tuntuɓen ƙarshe na jiran ɗalibi a bakin fita. Wanda sunansa ba ya cikin jerin waɗanda JAMB ta tabbatar da gurbinsu ba zai tafi hidimar ƙasa ba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala takardar yafewa za a ba shi. Kuskuren harafi a suna ko a ranar haihuwa yana iya cin watanni.

5. Ofisoshi da masu aikin

Ayyukan tallafa wa ɗalibi a jami'ar Nijeriya sun kasu gida huɗu.

Na farko shi ne Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai. Shugabansa galibi babban malami ne da ake naɗawa na wani wa'adi, amma masu riƙe da aikin yau da kullum ma'aikatan ofishin magatakarda ne. Su ke raba ɗakunan kwana, su yi wa ƙungiyoyin ɗalibai rajista, su sa ido a zaɓen shugabannin ɗalibai, su shirya jerin masu tafiya hidimar ƙasa, su zauna a kwamitin ladabtarwa. A ƙarƙashinsu akwai masu kula da ɗakunan kwana, waɗanda sukan riga kowa sanin ɗalibar da ta kwana uku ba ta fito ba.

Na biyu shi ne cibiyar jagoranci da ba da shawara, inda ƙwararru ke sauraron ɗalibi a keɓe kan damuwa, tsoron jarrabawa, shaye-shaye, cin zarafi ko saɓani da iyaye. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta ƙara wa wannan ofishi nauyi, haka ma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Tun 2017 JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. In sun samu gurbi, wani ne zai tabbatar sun samu littattafan da za su iya karantawa da ƙarin lokaci a ɗakin jarrabawa.

Na uku shi ne jagorancin karatu a sashe, wato aikin kodinetan aji da jami'in jarrabawa. Su ne ɗalibi ke tsayawa a ƙofarsu yana cewa, Malam, sakamakona bai fito ba. Waɗannan malamai ne masu koyarwa, sau da yawa ƙanana, waɗanda shugaban sashe ya ɗora wa aikin a kan koyarwa da duba takardu da nasu karatun na digirin digirgir. A nan matsalar take. Ƙarin girman malamin jami'a ya dogara ne mafi yawa da maƙalun da ya wallafa. Malamin da ya kwashe yini yana warware wa ɗalibai hamsin matsalar rajista ya yi wa jami'a babban aiki, amma in lokacin ƙarin girma ya zo, abokinsa da ya kulle ofis ya rubuta maƙala ne zai sha gabansa. Tsarin da kansa ke koya wa malami ya rage sauraron ɗalibai. Sabon tsarin manhajar karatu da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, ya ƙara yawan abubuwan da kodineta zai sani kafin ya ba da shawarar da ta dace.

Na huɗu shi ne ofishin sanin makamar aiki da shirya ɗalibi domin rayuwa bayan digiri. Shirin SIWES, wanda asusun ITF ya ɓullo da shi a farkon shekarun 1970, yana tura ɗaliban kimiyya da fasaha da noma su yi watanni a wuraren aiki. A Kebbi wannan ofishi na da fili a gabansa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015, kuma akwai kamfanonin sarrafa shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ga cinikin albasa a Aliero. Jami'in da ya san waɗannan wurare da masu su zai iya haɗa ɗalibin kimiyyar halittu ko lissafin kuɗi da aikin da ke kusa da gida.

6. Hanyar shiga da abin da aikin ke nema

Matashin da ke son wannan sana'a yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce ofishin magatakarda. Mai digirin farko da takardar hidimar ƙasa yana shiga a matsayin ƙaramin jami'in gudanarwa a tsarin albashin CONTISS, ya hau zuwa mataimakin magatakarda, da matakan da ke sama da shi, har zuwa kujerar magatakarda. Dokar 2012 ta sa shekarun ritayar ma'aikatan jami'a 65, na farfesoshi kuma 70. Manyan ma'aikata na cikin ƙungiyar SSANU, masu gudanarwa kuma suna da ƙungiyar ƙwararru ta ANUPA mai shirya musu bita.

Ƙofa ta biyu ita ce karatun jagoranci da ba da shawara. Ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da jami'o'in Ilori da Ibadan. Mai takardar NCE daga Argungu na iya ɗorawa ya yi digiri a fannin ilimi, sannan digiri na biyu a ba da shawara. Masu digirin sanin halayyar ɗan Adam da nazarin zamantakewa ma suna da wurin shiga.

Takardar shaida ba ta wadatar ba. Mai aikin zai haddace ƙa'idojin karatu na jami'arsa, domin shawarar kuskure daga bakinsa na iya jawo wa ɗalibi asarar shekara. Zai iya kwamfuta gwargwadon da zai tace jerin maki ya ware waɗanda suka fara zamewa. Zai iya riƙe sirri, wanda a gari irin Kalgo, inda ma'aikaci da iyayen ɗalibi kan haɗu a sahun Juma'a ko wurin ɗaurin aure, ya fi wuya fiye da a Legas. Zai san iyakarsa, ya gane lokacin da matsala ta wuce shawara ta koma ta likita ko ta hukuma. Harshe ma jari ne. Jihar Kebbi na da masu Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci da Kambarci, kuma ɗalibin da ke cikin damuwa ya fi buɗe cikinsa da harshen da ya tashi da shi. Saboda haka ɗan Dodoru ko Kambaza ko Dalijan da ya bi wannan hanya ya kammala yana da abin da baƙo ba zai samu a littafi ba: ya san abin da ke sa yaro ya yi shiru a gaban babba ko da bai gane ba, ya san yadda ake shiga wurin mahaifi a nemi alfarmar ɗiyarsa ta ƙarasa zango.

Buƙatar mata a wannan aiki ta fi tsanani. Akwai maganar da ɗaliba ba za ta taɓa yi da namiji ba, komai kirkinsa, musamman abin da ya shafi aure, juna biyu ko malamin da ke matsa mata.

7. Kammalawa da shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa yawancin abubuwan da ke kayar da ɗalibin karkara ba su da alaƙa da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Kuskuren haɗa darussa ne, da rajistar da ba ta cika ba, da takardar da ba a rubuta a kan lokaci ba, da damuwar da ba ta samu mai saurare ba. Kowane ɗayansu na da magani mai araha in akwai wanda aka ɗauka domin ya lura da shi. Jami'o'in Kebbi matasa ne, al'adun aikinsu ba su gama daskarewa ba, don haka sun fi tsofaffin jami'o'i damar gina wannan tsari tun daga tushe. Ana ba da shawarwari kamar haka:

Majalisun gudanarwar jami'o'in su buɗe layin aiki na masu ba da shawarar karatu na cikakken lokaci, da matakan girma a rubuce, a fara da aƙalla mutum guda a kowace tsangaya, wanda zai mayar da hankali ga 'yan aji ɗaya.

Malamin da aka naɗa kodinetan aji a ba shi horo kafin ya fara, a rage masa kwasa-kwasan koyarwa, a kuma ware wa aikin maki bayyananne a takardar ƙarin girma.

Kowane sashe ya fitar da jerin ɗaliban da suka faɗi gwajin tsakiyar zango ko suka daina halartar lacca, a kira su kafin jarrabawa. Kwamfuta guda da rajistar aji sun isa a fara.

A fassara muhimman ƙa'idojin karatu da bayanin rancen NELFUND zuwa Hausa, a rubuce da kuma saƙon murya da za a iya turawa ta WhatsApp, domin iyaye ma su ji. A maimaita taron wayar da kai ga waɗanda suka yi rajista a makare.

Cibiyoyin ba da shawara su ɗauki mata ƙwararru, a ba su ofis a wurin da ɗaliba za ta shiga ba tare da idon jama'a a kanta ba.

Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jihar da ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo su ɗauki nauyin wasu daga cikin 'ya'yansu su karanci jagoranci da ba da shawara, bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a jihar. Su kuma haɗa kai da jami'o'in Kalgo da Aliero a riƙa tura jami'ai da manyan ɗalibai zuwa makarantun sakandaren mazaɓu irin su Dodoru a kowace shekara, makonni kaɗan kafin a buɗe sayar da fom ɗin JAMB.